Kafin A Fesa Wa Kili Magani



Yau barga za mu shiga. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da turke da yammacin damina, bayan an ɗauke ruwa, ya san yadda doki ke kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ya buga wannan ƙafa, ya buga waccan, ya kaɗa wutsiya, fatar kafaɗarsa na rawa ita kaɗai, can kuma ya juyo da kai ya kai wa cikinsa cizo. Harawa na gabansa amma ba ya samun sukunin ci. Mai doki ya ga haka hankalinsa ya tashi, kuma ya kamata ya tashi. To amma abin da yake yi bayan nan shi ne ya sa na ɗauko wannan magana, domin sau da yawa maganin da aka nemo ya fi ƙudan yi wa dokin ɓarna.

A unguwarmu akwai wani dattijo mai kili, farin doki tas, mai jan hanci da jan fatar ido. Shekara da shekaru yana hawan salla da shi. Wata shekara da Babbar Salla ta faɗo tsakiyar damina, ƙuda ya dami dokin, sai ya aiki yaron bargarsa kasuwa. Yaro ya dawo da wani ruwa a cikin gorar roba, babu takarda, babu suna. Dattijo ya ce, "Kai yaro, wannan na mene ne?" Ya ce, "Baba, mai shagon ya ce shi makiyaya ke zuba wa shanu, kwana bakwai ƙuda ba ya sauka." Da tsakar rana aka tsiyaya shi a gadon bayan dokin, daga doron wuya har gindin wutsiya, aka ɗora sirdi aka fita motsa shi. Da safe na je na gani da idona. Duk inda ruwan ya bi ya kumbura ya yi zafi kamar an ɗora masa dutsen guga, dokin nan mai haƙuri ba ya bari ko hannu a kai masa. Bayan kwana uku gashi ya fara zubewa faci-faci, fata na tsattsafo da ruwa, ƙudan da aka so kora ya sami abin da yake nema. Ranar hawa dattijon a ƙasa ya yi kallo. Sai da aka yi kusan wata biyu kafin sirdi ya sake hawa bayan dokin nan.

Yaron ba mugunta ya yi ba. Abin da bai sani ba, kuma da yawanmu ba mu sani ba, shi ne fatar doki ba fatar sa ba ce. Ta fi ta laushi da saurin jin abu, ga ta da yawan gumi. Doki idan yana aiki mai nauyi a cikin zafi yakan zubar da gumi da ya kai lita 10 ko fiye a sa'a guda. Gumin nan yana wanke magani daga inda aka sa shi, ya kwarara da shi zuwa hammata da matse-matsi da ƙarƙashin majanyi, wuraren da fata ta fi taushi. A cikin dawakin ma akwai bambanci. Kili da danda, da duk dokin da ke da farin gashi a kan jar fata, sun fi akawali da bikili saurin ƙonewa, ko daga rana ko daga magani. Akwai kuma dokin da ba ruwansa da launi, jininsa ne kawai ba ya jituwa da wasu abubuwa, kamar yadda wani mutum zai shafa turare lafiya, wani kuma ya shafa jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu.

Kafin a je kasuwa, a fara tambayar wane ƙwaro ne ke damun dokin, domin abin da muke tarawa mu kira ƙuda ba iri ɗaya ba ne. Ƙudan gida ba ya cizo, lasa yake yi. Shi ne ke taruwa a gefen ido da hanci da bakin miki. Kada a raina shi, domin shi ke ɗauko 'ya'yan wata tsutsa da ke zaune a tumbin doki, daga kashi ya kai su kan rauni, raunin ya ƙi warkewa, ya yi ta tsiro da jan nama duk tsawon damina. Irin wannan miki feshi ba ya warkar da shi, sai an haɗa da maganin tsutsa daga hannun likita. Akwai wani mai kama da ƙudan gida sak, amma yana da tsinin baki kamar allura, mace da namiji duk jini suke sha, kuma ƙafafu suka fi kai wa hari. Idan ka ga doki na ta buga kofato da rana, yawanci shi ne. Sai bobuwa, babba mai zafin cizo, wadda ke yanka fata ta sha jini, ta fi yawa a fadama da bakin kogi, tana kuma iya ɗaukar wani nau'in sammore daga dabba zuwa dabba. Gaskiyar magana, bobuwa ba ta cika jin maganin shafawa ba. Abin da ya fi shi ne a nisanta doki daga fadama lokacin da rana ta take.

Amma wanda ya fi damuna shi ne wanda ba a cika gani ba, wato ƙyashi. Tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, yana ratsa gidan sauro na yau da kullum, yana haihuwa a taɓo da damshin da ke kewaye da kwatami da wurin shan ruwa. Da magariba yake fitowa da kuma asuba. Wasu dawaki jikinsu ba ya ɗaukar yawun bakinsa. Da ya cije su sai ƙaiƙayi ya taso, doki ya yi ta goga wuya da turke har geza ta ƙare, ya goga gindin wutsiya da bango har ta zama kamar tsohuwar tsintsiya, tsakiyar cikinsa ya yi ɓawo. Mai doki ya ɗauka ƙazwa ce, ya yi ta shafa abubuwa masu zafi a kan fatar da ta riga ta tsage. Alamar da ke bambanta su ita ce wannan ƙaiƙayi yana zuwa da damina, ya lafa da hunturu, ya dawo baɗi, kuma a barga ɗaya doki ɗaya zai yi ta fama alhali na kusa da shi lafiya lau. Sai dai in wutsiya kaɗai yake gogawa, geza ba ta taɓu ba, a duba ƙarƙashin wutsiyar, domin akwai wata tsutsar hanji da ke saka ƙwai a bakin dubura, ita ma tana sa wannan susa.

Ƙyashin nan ba ƙaiƙayi kaɗai yake kawowa ba. Shi ke yaɗa annobar dawaki ta Afirka, wadda ke kumbura kan doki da ramin saman idonsa, ta cika huhunsa da ruwa. A dawakin da ba su saba da ita ba takan kashe kashi 70 zuwa 95 cikin 100 na waɗanda suka kamu. Ta shiga ƙasar Sifen a 1987, ta shiga Tailan a 2020 ta kashe ɗaruruwan dawaki. Dawakinmu na gida sun fi juriya, amma waɗanda ake shigowa da su daga Ajantina domin wasan folo suna cikin haɗari sosai. Saboda haka ba cewa nake a bar doki haka nan ba magani don tsoron ƙonewar fata ba. Kariya dole ce. Yadda za a yi ta ne abin dubawa.

Mu fara da abin da bai kamata ya kusanci doki ba ko kaɗan. Akwai maganin kaskar shanu da ake kira amitaraz, a jikin kwalba ana rubuta shi A, M, I, T, R, A, Z. Ga shanu yana aiki, ga doki guba ne. Yana sa shi kasala da tangaɗi, hanjinsa ya daina motsi, kashi ya tsaya, ciki ya ɗaure, kuma yana kashewa. Don Allah wanda ke da shanu da doki a gida ɗaya ya riƙe waɗannan haruffa. Haka fiya-fiya da Sniper da sauran magungunan feshin gona. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantunan gama-gari saboda haɗarinsa ga mutane, to ina ga dabbar da ke lasar jikinta? Dokin da irin wannan ya shiga jikinsa zai yi ta dalalar da yawu, jiki na karkarwa, ga zawo, ga numfashi da ƙyar. Sai baƙin mai da kananzir, waɗanda har yanzu wasu ke shafa wa dabba. Suna ƙona fata, suna toshe ƙofofin gumi, idan rana ta buga su kuma sai dai a ce Allah ya sawwaƙe. Maganin shanu da ake tsiyayawa a gadon baya, irin wanda ya ƙona kilin dattijon nan, an haɗa shi da ƙarfi da kuma wani mai da zai ratsa gashin sa. Sai dai in likitan dabbobi ne da kansa ya ce a yi amfani da wani iri, ya kuma faɗi yadda za a yi.

Magungunan da aka yi domin doki yawancinsu dangi ɗaya ne. Asalinsu wani farin fure ne da ake nomawa a tsaunukan Kenya da Tanzaniya da Ruwanda, ana tatsar sinadarin kashe ƙwari daga gare shi. Na furen bai da ƙarko, rana na karya shi cikin sa'o'i, shi ya sa masana suka ƙera makamantansa masu daɗewa, irin su famitirin da saifamitirin da deltamitirin. Idan ka duba kwalba za ka ga sunayen suna ƙarewa da T, H, R, I, N. Famitirin shi aka fi amfani da shi a kan doki, kuma yana daga cikin waɗanda suka fi tasiri a kan ƙyashi. Amma dangin nan duka suna iya sa fata ta yi zugi da tsikari, musamman in an haɗa su da kauri. A kuma kiyaye, famitirin na kashe kyanwa, yana kashe kifi, don haka kada a wanke bokitin a kududdufi ko rafi.

Akwai kuma masu kora ba tare da kisa ba. Ɗaya shi ne wanda ake rubutawa D, E, E, T, wanda aka ƙirƙiro a Amurka domin sojoji a shekarun 1940, ana samunsa a man sauro na mutane. Yana aiki, sai dai mai ƙarfinsa yakan sa fatar wasu dawaki ta bushe ta yi saɓa, yana kuma cin roba da fentin kayan doki. Ɗayan shi ne ikaridin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya samar a shekarun 1980. Ba shi da wari sosai, ba shi da maiƙo, kuma an san shi da sauƙi a kan fata. A ra'ayina, mai dokin da fatarsa ba ta ɗaukar wargi, in ya sami wanda aka haɗa domin doki, da shi ya kamata ya fara gwaji.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: sau da yawa ba sinadarin ne ke ƙona doki ba, abin da aka narkar da shi a ciki ne. Wani an haɗa shi da sifirit, wani da man fetur da aka tace, wani an cika masa turare. Kwalba biyu za su iya ɗaukar famitirin daidai wa daida, ɗaya ta ƙona dokinka, ɗaya ta zauna lafiya. Ga doki mai laushin fata a nemi wanda aka haɗa da ruwa, marar ƙamshi, ko kuma na shafawa mai kama da man kitso wanda ake sa wa a wuri ƙayyadadde.

Na san wani zai ce, to mu koma ga namu na gargajiya mana. Ina tare da shi rabin hanya. Man darbejiya yana korar ƙwari, wannan tabbas ne, kuma itacen na ƙofar gidan kowa. Man kaɗanya ko basilin da aka shafa kaɗan a cikin kunne da tsakiyar ciki da yamma yana hana ƙyashi samun wurin cizo. Amma kalmar "ganye ne" ba ta nufin ba ya ƙuna. Barkono ma ganye gare shi. Man darbejiya tsantsa yana tayar wa wasu dawaki da ƙuraje, sai an sirka shi. Man tsaurin nan mai ƙamshin lemo da ake sa wa a maganin sauro, da man turare, da man ɓawon lemo, suna cikin abubuwan da suka fi tayar da fata, na lemon ma yakan sa rana ta ƙona farin doki. Ga shi ba sa daɗewa, bayan 'yan sa'o'i sun tashi. Hayaƙin da iyayenmu ke turarawa a barga da magariba yana kora, amma a yi shi a fili inda iska ke wucewa. Dokin da ke kwana cikin hayaƙi a rufaffen ɗaki tari zai kama shi, kuma tarin doki in ya zauna ba ya tashi da wuri.

Ko wanne ka zaɓa, na kanti ko na gida, kada mai sayarwa ya yanke maka hukunci, fatar dokinka ce za ta yanke. Ka haɗa maganin yadda takarda ta ce, da sirinji za ka auna, murfin kwalba ba ma'auni ba ne. Ka jiƙa ɗan tsumma ka shafa a gefen wuya ko kafaɗa, wuri kamar faɗin tafin hannu, inda sirdi da linzami ba sa taɓawa. Ka bar shi kwana ɗaya, in doki ne da ya taɓa samun matsala ka ba shi kwana biyu. Sa'an nan ka zo ka shafa wurin da bayan hannunka, ka gwada da ɗaya gefen. In ka ji ɗumi, ko ka ga gashi ya miƙe, ko kumburi, ko doki ya noƙe da ka taɓa, to wannan ba nasa ba ne, ko nawa ka saye shi. Abu ɗaya ake gwadawa a lokaci ɗaya, in ka haɗa biyu ba za ka san mai laifin ba. Kuma wannan gwaji ba a yin sa ana jibi salla. Hawan Daushe da Hawan Nasarawa a Kano, Hawan Bariki a Katsina da Zazzau, kowa ya san lokacinsu tun da wuri. A yi gwajin da mako biyu ko uku a hannu.

In ya karɓa, a goge dokin tukuna, ƙura da busasshen gumi su fita, jiki ya bushe. Kada a sa a kan jiki mai zafi da ya dawo daga sukuwa, kada a sa da tsakar rana, kada a sa inda sirdi da majanyi za su zauna, domin zafi da gumi da guga suna tura magani cikin fata. Fuska ba a fesa mata. A shafa da tsumma, a kauce wa ido da hanci da baki, a kauce wa gaba da nono, musamman goɗiya mai shayar da dukushi. Miki da fatar da aka sosa ta tsage ba a sa musu maganin ƙuda, a zagaye su ake shafawa. Dawaki da yawa ma suna tsorata da ƙarar feshi, tsumma ya fi musu kwanciyar hankali. In ƙyashi ne abokin faɗan, bayan la'asar ake shafawa, a bi geza da gindin wutsiya da tsakiyar ciki. Yaron da ke aikin ya sa safar hannu ko leda, ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Shi ma ɗan wani ne, fata gare shi.

Idan kuwa an riga an yi kuskure, a kai doki inuwa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi har maganin ya fita. Kada a bi shi da manja ko wani mai da sunan sanyaya wuri. A kira likitan dabbobi, a ajiye masa kwalbar, domin da abin da ke rubuce a jiki zai san makarin da zai bayar. Wannan ne dalilin da ya sa nake ƙin maganin da aka ɗura a gorar ruwa. Abin da ba shi da suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, ba a rubuta doki a cikin dabbobin da aka yi shi dominsu ba, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Muna da asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga cibiyar bincike ta Vom a Jihar Filato, ga asibitocin dabbobi na jihohi. Dokin da ƙaiƙayin ƙyashi ya yi wa yawa yakan buƙaci allura ko ƙwayar rage ƙaiƙayi, wasu daga cikinsu kuma in an yi ganganci suna taɓa kofato, don haka ba na sayen kai ba ne.

Likitan da ya duba kilin dattijon nan bai fara da kwalba ba. Da ya gama wanke bayan dokin sai ya zagaya bargar, ya tsaya a kan tarin kashi da rubabbiyar ciyawa da ke bayan turke, ya tona da ƙafarsa. Tsutsa fari fat. Ya ce, "Alhaji, ga gonar ƙudanka nan." A zafin damina ƙudan gida na tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana 7 zuwa 10, mai cizon ƙafa kuma kamar mako biyu zuwa uku, duk a irin wannan juji. Ya sa aka riƙa kwashe kashi safe da yamma ana kai shi nesa a baza a rana, aka cike kwatamin da ruwan wanka ke taruwa, aka zuba yashi a ƙarƙashin turke, aka daina barin jiƙaƙƙiyar dusa ta kwana a kwano. Ya hana a rage wa dokin wutsiya ko gashin goshi don ado, ya ce da su Allah ya hore masa korar ƙuda. Ya sa aka ɗinka masa riga ta farin yadi marar nauyi mai rufe wuya da baya da ciki, a sa da yamma a cire da hantsi, a riƙa wanke ta. Da yake ƙyashi ba shi da ƙarfin tashi cikin iska, aka matsar da turken daga lungun da yake zuwa inda iska ke kaɗawa, daga baya dattijon ya sa fanka mai aiki da hasken rana.

Magani kuwa, sai da fatar ta warke sarai aka gwada wani mai ruwa-ruwa a gefen wuyansa, aka jira kwana biyu, bai tayar ba. Shi ake shafa masa da tsumma bayan la'asar, a ƙafafu da ciki da geza, kwalba ɗaya takan kai shi rabin damina. Gashin bayansa ya fito, sai wani ɗan layi kusa da doron wuya da bai sake tsirowa ba, yaron bargar kuma har yau in zai ɗora sirdi sai ya ninka tsumma mai laushi ya sa a wurin tukuna.